Shagon da ke duba shekarun tsofaffin ƙarafan dunduniyar takalmi kusa da Fredericksburg: abun da na gani

Jama'a in kuna zaune a yankin Washington ko Maryland ko Virginia kuma kun shiga harkar nan ta yawo da na'urar gano ƙarfe a gonaki, toh akwai wani ɗan shagon kayan tarihi a gefen Fredericksburg da zan ce ku je, musamman in abun da kuka tono ƙarfen dunduniyar takalmi ne kuna so ku san na wane zamani ne. Ba zan faɗi sunan shagon ba don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu, amma duk wanda ya ɗan jima a harkar a wannan yankin zai gane irinsa, shago ne ɗan ƙarami na dattijo ɗaya, akwatunan gilashi cike da harsasan darma da maɓallan kakin soja da kan ɗamara, a can ƙurya kuma tebur da fitila da gilashin ƙara girma inda yake duba kayan mutane. Ni dai na gamsu da aikinsa, kuma dalilin gamsuwar tawa shine mutumin baya faɗin shekarar da ƙarfen bai nuna ba, ko da kuwa hakan zai sa ka fita ranka ba daɗi.

Ga wanda bai san abun da nake magana a kai ba, wani ɗan ƙarfe ne da ake bugawa a ƙarƙashin dunduniyar takalmi don kar fatar ta cinye da wuri, irin dai wanda shushaina ke buga wa mutane a gida kana tafiya kan siminti ana jin ƙwas ƙwas, sai dai na da ɗin ya fi girma da kauri. A wancan zamanin dunduniya fata ce aka jera aka haɗe da ƙusa ko turakun katako ƙanana, ba roba, kuma takalmi abu ne mai tsada, saboda haka soja da manomi da mace da yaro kowa yana iya sa a buga masa. Fatar ta ruɓe tuntuni a ƙasa, ƙarfen ne kawai ya rage, shi yasa muke samunsu da yawa.

Kuma yankin nan wurin samunsu ne. Yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865 aka yi shi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma bayan gumurzun Fredericksburg na Disambar 1862 sojojin Arewa sama da dubu ɗari suka yi zaman hunturu a ƙaramar hukumar Stafford, wurin da mutanen cikinsa gaba ɗaya a lokacin basu kai dubu goma ba, suka sare itatuwa suka gina bukkoki suka zauna watanni. Hunturun da ya biyo baya kuma, na 1863 zuwa 1864, aka sake irin wannan zaman a Culpeper wajen Brandy Station. Toh kaga duk wanda ya tono wani abu a gonar da ke tsakanin nan abu na farko da zai zo masa a rai shine na soja ne, kuma masu sayarwa a intanet sun san haka, duk ƙarfen da ya yi tsatsa sai su rubuta masa na yaƙin basasa su ninka kuɗi.

Kayan da na kai masa daga wata gona ce ta dangin wani abokin aikina Bature, da izininsu a rubuce, a jaka ɗaya na zuba su. Abun da ya fara tambaya kafin ma ya buɗe jakar shine a ina na tono, kuma ƙasar waye. Wannan ba gulma bace, doka ce. Filayen yaƙin da ke hannun gwamnatin tarayya irin gandun tarihi na Fredericksburg da Spotsylvania haramun ne ka yi tono a ciki, kai ko shiga da na'urar a haɗe ma laifi ne, kuma akwai dokar kare kayan tarihi ta 1979 da ake ɗaure mutane da ita a kuma ƙwace musu kayan aiki. Yace duk abun da ya ji ƙanshin daga can ya fito baya taɓawa. Ni wannan ya burge ni ƙwarai, don mu baƙi ne a ƙasar nan, ƙaramin abu zai iya taɓa maka takardu, gara wanda zai tsaya ya tambaye ka.

Sannan ya zazzage su kan wani ƙyalle ya ɗauko maganaɗisu, ya raba gida biyu, masu kamawa gefe ɗaya marasa kamawa gefe ɗaya. Baƙin ƙarfe yana kamawa, tagulla bata kamawa. A cikin marasa kamawar akwai wani fari mara nauyi, ya ɗan auna shi a tafin hannu kawai ya ture gefe yace wannan alminiyam ne, kuma alminiyam bai yi arahar da za a buga shi a takalmi ba sai bayan 1886 da aka gano hanyar narka shi da lantarki, kafin nan ƙarfe ne mai tsadar gaske, saboda haka ko kusa da yaƙin bai je ba. Minti ɗaya bai yi ba ya gama da shi.

Abun da na fi koya a wurinsa kuma shine ba duk abun da ya yi kama da ƙarfen dunduniya bane ƙarfen dunduniya. Akwai wani mai lanƙwasa kamar rabin wata, gefe ɗaya faɗi gefe ɗaya siriri, yace wannan takalmin sa ne wato bijimi, shanun noma da na jan amalanke ana buga musu ƙarfe, kuma tunda kofaton sa a rabe yake gida biyu kowace ƙafa ƙarfe biyu ake sa mata, shi yasa kullum rabi rabi ake samunsu. Na alfadari kuma dogo ne matsattse, na doki ya fi zagaye, dukansu suna da kauri kuma galibi akwai wani ɗan kwari da aka ja a jikinsu inda kan ƙusa ke nutsewa, ramukan kuma masu kusurwa huɗu ne dogaye. Na mutum siriri ne, ƙarami, ramukansa ƙanana. In tsatsa ta kumbura ƙarfe wallahi da ido kawai ba zaka raba ƙaramin takalmin jaki da babban ƙarfen dunduniyar takalmin but ba, sai ya sa ma'auni ya auna kauri a inda tsatsar bata ci sosai ba.

Akwai kuma wani da ya fi bani mamaki, falle ne mai rami a tsakiya kamar ramin makulli, da ramukan sukuru a kewaye. Yace wannan a dunduniya ake ɗaura shi tabbas, amma ba don kare fata ba, na takalmin zamiya kan ƙanƙara ne, a ƙarni na 19 ƙarfen zamiyar daban yake da takalmi, yana da wani ɗan ƙullutu a baya da ake zurawa cikin ramin nan a murɗa ya kulle, sannan a ɗaure gaba. Kamfanin Barney & Berry na Springfield a jihar Massachusetts sun yi suna da irin kayan nan. Ni da na taso inda ba a san kogi ya daskare ba ina zan gano wannan da kaina, kuma ko hotonsa na sa a intanet amsa goma zan samu kowa da tasa.

Yanzu ga inda maganar take da daɗi, wato mai zuciya. A cikin kayan akwai ɗaya na tagulla, ya yi kore shar mai kyau, an huda siffar zuciya a tsakiyarsa. Irin wannan shine kowa ke so ya samu, akwai masu zuciya, masu tauraro, masu ganye mai kunne uku, masu lu'ulu'u mai kusurwa huɗu, kuma labari biyu ne ke yawo a kansu a bakin masu tono. Na farko wai alamar rundunar soja ce. Dattijon yace ya san inda maganar ta samo asali, don da gaske a Maris 1863 Janar Joseph Hooker ya sa kowace babbar runduna ta sojojin Arewa da ake kira sojojin Potomac ta ɗauki alamarta, ta farko da'ira, ta biyu ganye mai kunne uku, ta uku lu'ulu'u, ta goma sha ɗaya jinjirin wata, ta goma sha biyu tauraro, zuciya kuma ta runduna ta ashirin da huɗu ce wadda bata ma ɗauki alamar ba sai 1865 dab da ƙarshen yaƙi. Amma a hula ake sa alamar nan da a tuta da jikin amalanke, don a gane ka daga nesa, kuma zuciya da ganye da lu'ulu'u dai sune a jikin karta da kowane mai shago ya sani, ana samun ƙarafan a tsofaffin gidajen da soja bai taɓa takawa ba, har a jihohin da ba a yi yaƙin ba, kuma an ci gaba da sayar da su shekaru da yawa bayan an gama yaƙi. Yace zai yiwu wani soja na runduna ta biyu ya ga mai ganye a wurin ɗan kasuwar sansani ya saya don ya dace da alamarsu, ba abun mamaki bane, amma ƙarfen shi kaɗai ba zai shaida maka haka ba.

Labari na biyu kuma wai mata masu zaman kansu ne ke sa mai zuciyar don sawunsu ya bar alama a ƙasa sojoji su bi. Wannan ko sauraronsa bai tsaya yi ba, yace labarin bakin masu tono ne da masu son sayar da kaya, shi bai taɓa ganin takarda ta zamanin da ta faɗi haka ba. Kuma gaskiya ni ma raina baya son labarin nan, mace ce ko yarinya ta sa takalminta mai ado ta tafi coci ko kasuwa, shekara ɗari da hamsin bayan mutuwarta wani ya tono ƙarfen ya ɗora mata sharri don ya ƙara dala ashirin a farashi, wannan ba daidai bane. Nawa ɗin ƙarami ne, ya auna faɗinsa yace dunduniyar mace ce ko ta yaro babba, ba ta but ɗin namiji ba, ya bashi tsakanin shekarun 1850 zuwa wajen 1890, yace iyakar abun da zai iya cewa kenan da gaskiya. Ya kuma nuna min gefen da ya fi cinyewa, yawancin mutane gefen waje na dunduniya suke fara dirawa, saboda haka daga inda ya cinye zaka gane na ƙafar hagu ne ko dama. Nawa na hagu ne, kuma mai shi ta taka shi sosai har zuciyar ta fara buɗewa ta gefe ɗaya.

Yadda yake kintata shekaru kuwa, ba jikin ƙarfen yake fara kallo ba, ramukan yake kallo da abun da ya maƙale a cikinsu. In akwai guntun ƙusa sai ya sa gilashi ya duba bakinta, ƙusa mai kusurwa huɗu da inji ya yanka daga fallen ƙarfe ita ce ta cika kasuwa kusan duk ƙarni na 19, ƙusa mai zagaye ta waya irin wadda muka sani yau sai wajen 1880 zuwa 1890 ta ƙwace kasuwar. In sukuru ne kuma, mai tsinin baki da inji ke yi daga wajen 1846 ya fara yaɗuwa, na kafin nan bakinsa a dakushe yake, in kuwa ka ga kan sukuru mai tsagar giciye irin na Phillips toh ka tashi daga maganar tsufa, wannan na shekarun 1930 ne zuwa sama. Amma ya ja min kunne a kan abu ɗaya, duk waɗannan suna gaya maka abun bai girmi shekara kaza ba ne kawai, basa gaya maka yaushe aka daina amfani da shi, mai gyaran takalmi a ƙauye zai iya ajiye buhun tsohuwar ƙusa yana bugawa shekara talatin bayan an daina yayinta. Sannan yana duba ko zuba ƙarfen aka yi ko buga shi aka yi da inji, na zubi zaka ga fatarsa da ɗan gurje gurje na yashi wani lokacin da layin inda kaskon zubin ya haɗu, na bugu kaurinsa ɗaya ne ko'ina gefensa a yanke tsaf.

In Allah ya taimake ka akwai rubutu a jiki toh aiki ya yi sauƙi. Yana da wata takarda manne a bango ta lambobin rajistar ƙirƙira na Amurka, lamba ta ɗaya a 1836 aka bada ta, farkon 1861 an kai wajen 31,000, farkon 1866 an wuce 51,000, 1880 an wuce 223,000, ta miliyan ɗaya kuma a 1911. Saboda haka in ka ga lamba a jikin ƙarfe ta haura dubu sittin ka san an gama yaƙi kafin a ƙera shi, kuma zaka iya buga lambar a Google Patents kyauta zanen abun ya fito maka. In kuma sunan ƙasa ne a jiki kamar Ingila ko Jamus, yawanci bayan dokar harajin McKinley ta 1890 ne, ita ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Sai dai yawancin abun da muke tonowa ba ko harafi ɗaya a jikinsu, nawa ma ba wanda ke da rubutu.

Wanda ya fi bamu wahala shine na baƙin ƙarfe mai siffar takalmin doki, wanda nake ta fatan na soja ne tunda kusa da inda na same shi harsashin darma mai zobe uku ya fito. Siffarsa dai irin wadda sojojin yaƙin basasa suka riƙa bugawa a takalmansu ce, wannan bai musa ba. Amma yace wannan siffar bata canza ba tun kafin yaƙin har bayansa da nisa, but ɗin da sojojin Amurka suka sa a ramukan yaƙi a 1918 ma yana da irin ƙarfen nan a dunduniya, ga sansanin Quantico da aka buɗe 1917 ba nisa, ga wani sansanin da aka buɗe a ƙaramar hukumar Caroline a 1941, ga manoma da masu sare katako da suka yi ta sayen takalman soja na gwanjo suna aiki da su. Kuma gonar da garma ta yi shekara ɗari tana juyawa, harsashin 1863 da murfin kwalbar 1950 a rami ɗaya zaka same su. Yace da a ce a cikin ramin bukkar hunturu na tono shi, a ƙasan toka, tare da maɓallin kaki mai mikiya da fasassun kwalabe na lokacin, wurin da garma bata taɓa ba, da zai ce min na soja ne ba ko shakka. A fili kuwa, mai yiwuwa ne kawai. Abun da ya rubuta min kenan, mai yiwuwa.

A nan ne kuma ya faɗi maganar da har yanzu take raina. Yace kowa ya shigo shagon nan soja yake nema, alhali sojan watanni ya yi a gonar, bayin da suka nome ta kuwa kakanni da jikoki suka yi a kanta, kuma su ma da takalmi suke aiki. Masana'antun Massachusetts sun yi ta ɗinka takalma masu kauri marasa kyau ana lodinsu zuwa Kudu musamman don bayi, wasu ma ƙasansu katako ne da aka kewaye da ƙarfe. A bazarar 1862 da sojojin Arewa suka iso gaɓar kogin Rappahannock, bayi kusan dubu goma ne suka tsallaka ta wannan yankin suka nemi 'yancinsu, da ƙafa. Ni ɗan Afirka ne ina tsaye a shagon ina riƙe da ƙarfen nan, wallahi sai naji ya fi min daraja a hakan, ko da ba zan taɓa tabbatarwa ba. Bai ce min na bawa bane, kar a fahimce ni ba daidai ba, cewa yayi kar in cire su daga lissafi, kuma mutum ne Bature dattijo haifaffen yankin da kakanninsa suka yi yaƙin ya faɗa min haka ba tare da na tambaya ba.

Ta ɗaya gefen kuma yace abun da ya kashe kasuwar ƙarafan nan roba ce. Humphrey O'Sullivan na Lowell ya yi rajistar dunduniyar roba a 1899, kamfanin Cat's Paw na Baltimore ya biyo a 1904, daga nan takalmin gari ya koma roba a hankali, ƙarfe ya rage sai a but ɗin soja da na leburori da ƙananan masu siffar jinjirin wata da ake bugawa a gefen da ke cinyewa, waɗanda har gobe ana sayarwa. Saboda haka in naka ɗan ƙarami ne siriri mai rami biyu ko uku da ya rufe gefe ɗaya kawai, kar ka sa rai da yawa.

Toh bari in zo ga abun da bai min ba, don ba yabo kawai na zo yi ba.

Na farko wankin ƙarfe. Yana karɓar aikin cire tsatsa da lantarki, kuma aikin nasa yana kyau ba ƙarya, na baƙin ƙarfen nan da ya dawo har ramukan ƙusa sun fito ɗaya bayan ɗaya an shafe shi da kaki irin na kyandir ya yi baƙi sumul. Amma lokacin da ya ɗiba min da lokacin da na karɓa ba su haɗu ba ko kaɗan, kuma wayar shagon kamar ado ce, zaka yi ta bugawa ba mai ɗauka, ba ya amsa saƙo, sai dai ka tuƙa ka je ka gani da idonka, wanda ya san cunkoson babbar hanyar 95 daga Washington zuwa Fredericksburg ranar Asabar ya san wannan ba ƙaramin abu bane. Kuɗin wankin ma ya fi ƙarfin darajar abun, ƙarfen da ko an sayar ba zai wuce 'yan daloli ba. Dubawa kuwa dala goma ya karɓa a kan jakar gaba ɗaya kuma ya zauna da ni fiye da awa, wannan kam araha ne har ya yi yawa. Tsabar kuɗi yake karɓa, ba kati, ku tafi da shirinku.

Adalcin da zan masa shine shi da kansa ya gaya min yadda zan yi wankin a gida in ban son biya. Bokitin roba, ruwa da sodar wanki, cajar batirin mota irin ta da, baƙar wayar a jikin abun da ka tono, jar wayar a jikin wani guntun baƙin ƙarfe da baka so, kar su taɓa juna, a barshi tsatsar ta riƙa saki. Ya ce a waje ake yi don iskar da ke fita tana kama wuta, kuma kar a kuskura a sa ƙarfen da baya tsatsa irin na cokali a matsayin guntun, yana sakin guba a ruwan. In an gama a busar da shi sosai a shafa kaki, in ba haka ba cikin kwanaki zai koma ja. Tagulla kuwa yace kar ta ga wannan bokitin ko kusa, kar a sa mata lemon tsami ko ruwan kal ko man goge ƙarfe, buroshin haƙori mai laushi da tsinken sakace sun isa, koren nan da ke jikinta shine shaidar shekarunta, in ka goge ta yi ƙyalli ka zubar da rabin abun da mai dubawa zai karanta.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, kayan da ke cikin akwatunansa na sayarwa. Wasu nasa ne da ya tono da hannunsa, waɗannan kowanne da 'yar takarda an rubuta gona kaza shekara kaza da abun da aka samu tare da shi. Amma akwai layi guda na kayan da mutane suka kawo ya sayar musu, a ciki naga ƙarafan dunduniya masu zuciya da tauraro an rubuta musu daga sansanin soja kawai, ba sunan wuri ba komai, da farashi mai nauyi. Na tambaye shi ya haka bayan duk abun da ya gama faɗa min, yace rubutun masu kayan ne ba nasa ba, duk wanda ya tambaye shi zai gaya masa gaskiya. Na yarda zai faɗa ɗin, amma baƙon da ya shigo daga yawon buɗe ido bai san ya tambaya ba, takardar zai karanta ya biya, kuma a shagonsa ne, mutuncinsa ne ke sayar da kayan. Ni a ganina ko ya cire takardun ko ya sa masu kayan su rubuta inda suka tono.

Na uku ƙarami ne, baya rubuta maka sakamako sai ka roƙa, da baki yake bayani kuma yana da sauri, ga harshen mutanen Kudu da sai ka kasa kunne sosai. Ku tafi da littafi da biro, ko ku nemi izininsa ku ɗauki muryar a waya, ni ya yarda ba musu. Mata ma kar ku ji komai, na tarar da wata da 'yarta sun kawo maɓallai yana musu bayani da haƙuri iri ɗaya.

Wanda wannan shagon ba zai yi wa amfani ba shine mai neman takardar da zai ɗora a eBay ya ce masani ya tabbatar na 1863 ne, ba zai baka ba, ka huta da tuƙin. Wanda zai yi wa amfani shine mai so ya san me ya tono tsakani da Allah, kuma in zaka je ga abun da zai sa kuɗinka su yi aiki: kar ka wanke komai kafin ka kai, ƙasar ma barta a jiki, kar ka zare guntun ƙusa ko sukuru da ya maƙale a rami ko da ya yi maka muni, in akwai ɓarɓashin fata a jiki sa shi a leda daban. Kowane abu ka ɗauki hotonsa a bakin raminsa kafin ka ɗaga, ka rubuta zurfin da ka same shi da abun da ya fito kusa da shi, kuma kar ka zuba kayan gona biyu a jaka ɗaya. Sannan a kan na'urar kanta, yawancinmu muna saita ta ta yi shiru a kan baƙin ƙarfe don gudun ƙusa da waya, Garrett ce ko Minelab duk haka ake yi, toh na tagulla zasu yi ƙara ka same su amma na baƙin ƙarfe zaka bi ta kansu ka wuce baka sani ba, in ka shiga wurin da harsashi ko maɓalli ya fara fitowa ka sassauta tacewar ka tono duk ƙarar da ta yi girma ko da mara daɗi ce. Kuma ku je da safe a ranar aiki in da hali, Asabar da rana shagon cika yake da masu yawon buɗe ido ba zai samu zama da ku ba.